Waƙa ɗaya da tsirkiya huɗu: yadda ukulele ta dawo hannun jama'a

Akwai wani sautin kiɗa da kusan duk mai riƙe da waya ya taɓa ji, ko da bai san sunan abin da ake kaɗawa ba. Sauti ne siriri mai garɗi, kamar na jita amma bai kai nata kauri ba. Shi ake sakawa a bayan tallan banki, da bidiyon girke-girke, da hotunan yara suna wasa. Abin da ke fitar da shi wata 'yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, wadda tsawon ƙaramarta bai fi santimita 53 ba, sunanta ukulele. Shekaru 30 da suka wuce, in ka bar tsibiran Hawai na Amurka, da wuya ka ga babban mutum ya ɗauke ta a bainar jama'a in ba don raha ba. Amma alƙaluman NAMM, ƙungiyar 'yan kasuwar kayan kiɗa ta Amurka, sun nuna cewa a 2010 waɗanda aka sayar a ƙasar ba su kai dubu 600 ba, zuwa 2012 kuwa sun haura miliyan ɗaya a shekara.

In ka tambayi masu koyar da ita me ya jawo haka, yawancinsu suna ɗaya za su fara kira maka: Israel Kamakawiwoʻole, mawaƙi ɗan Hawai, da waƙarsa "Somewhere Over the Rainbow". Suna da gaskiya. Sai dai labarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin waƙar ta fito a 1993, kasuwar kuwa ba ta motsa sosai ba sai bayan shekara 15 ko fiye. A cikin wannan tazarar ne bayanin yake.

A wani dare na 1988, wajen ƙarfe uku, aka buga waya ɗakin ɗaukar murya na wani injiniya mai suna Milan Bertosa a Honolulu, babban birnin Hawai, ana roƙon ya jira wani mawaƙi da ke son zuwa a daren. Bertosa yana shirin kulle wuri, amma ya ce in zai iso cikin minti 15 ya zo. Mutumin da ya shigo, wato Israel, ƙato ne na ban mamaki, har sai da mai gadi ya nemo masa kujerar ƙarfe da za ta iya ɗaukarsa. Aka kafa masa makirufo, ya rungume 'yar ukulelensa a ƙirji, ya ce wannan ta Gabby ce, yana nufin Gabby Pahinui, babban makaɗin Hawai da ya rasu a 1980. Ya rera sau ɗaya, aka ɗauka, shi ke nan. Babu ganga, babu 'yan amshi, babu gyara. Waƙar ma ba tasa ba ce: tsofaffin waƙoƙin Amurka biyu ya haɗa, ɗaya ta 1939 da Judy Garland ta fara rerawa, ɗayar kuma "What a Wonderful World" ta Louis Armstrong ta 1967. Ya ma cuɗa baitocin, ya sa na gaba a baya, kuma haka aka bar su.

Kaset ɗin ya yi shekara biyar a ajiye. Sai a 1993, lokacin da ake kammala faifansa mai suna Facing Future, Bertosa ya tuna da shi ya kunna wa Jon de Mello, mai shirya faifan, aka saka shi a ciki. Israel ya rasu ranar 26 ga Yuni 1997 yana da shekara 38, sakamakon cututtukan da ƙiba ta jawo masa. A Hawai ya riga ya zama gwarzo: an ajiye gawarsa a ginin majalisar jihar, karramawar da ba a taɓa yi wa wanda ba jami'in gwamnati ba kafin shi, kuma mutum kusan dubu 10 suka zo ban kwana. Amma sauran duniya ba ta san shi ba tukuna.

Masu fim da masu talla ne suka fitar da muryar daga tsibiran. An ji ta a ƙarshen fim ɗin Meet Joe Black a 1998, da tallan wani kamfanin kayan wasan yara a 1999, da wasan talabijin na ER a 2002 a wurin mutuwar wani likita da 'yan kallo ke ƙauna, da 50 First Dates a 2004. A 2005 faifan ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, na farko daga Hawai da ya kai haka. A 2010 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Jamus, shekara 13 bayan mai ita ya bar duniya.

Kafin a gane abin da wannan waƙa ta yi wa ukulele, dole a san halin da ta same ta a ciki. Asalin abin kiɗan daga Fotugal ne. A watan Agusta 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madera a Honolulu, an kawo su aikin gonakin rake. A cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka shiga sassaƙa ƙananan jitocin garinsu da itacen koa na Hawai. Sarki Kalākaua na Hawai ya so abin, ya shigar da shi fada, mutanen ƙasa suka mayar da shi nasu. Daga nan sau biyu ta mamaye Amurka. Na farko bayan babban baje kolin San Francisco na 1915, inda rumfar Hawai ta ja hankalin dubban mutane, aka yi ta yayinta har ƙarshen shekarun 1920. Na biyu a shekarun 1950, lokacin da Arthur Godfrey ke kaɗa ta a talabijin, Mario Maccaferri kuma ya ƙera ta roba ya sayar da miliyoyi. Duka biyun sun wuce. Jitar lantarki ta zo ta ture ta, a 1968 kuma wani mai barkwanci da ake kira Tiny Tim ya yi suna da ita yana waƙa da muryar da ya ƙanƙance da gangan. Tun daga nan, a idon Amurkawa da Turawa, ukulele ta koma abin wasan yara da tsarabar 'yan yawon buɗe ido. A Hawai kuwa mutuncinta bai zube ba, inda irin su Eddie Kamae da Herb Ohta suka ci gaba da kaɗa ta kiɗan manya, Roy Sakuma kuma ya fara bikinta na shekara-shekara a 1971.

Don haka aikin farko da waƙar Israel ta yi shi ne wanke wa abin kiɗan raini. Ana kiranta waƙar faranta rai, kuma tana farantawa, amma duk wanda ya saurare ta da kyau ya san akwai kewa a cikinta. Ba banza ba ake saka ta a wurin biki, ake kuma saka ta a wurin makoki. Mutumin da hawaye ya zubo masa yana jin wannan kiɗa ba zai sake kallon abin da ya fitar da shi a matsayin abin dariya ba. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da ya faru, kuma babu wani kamfani da zai iya sayen irinsa da kuɗin talla.

Aiki na biyu ya fi ɓuya. Yawancin waƙoƙin da suka yi fice a zamanin nan, in ka ji su ba ka iya rarrabe abin da ke ciki: na'urori ne bisa na'urori, murya an ninka ta sau da yawa, kiɗa an jera shi a kwamfuta. Kana jin daɗi, amma ba ya zuwa maka a rai cewa kai ma za ka iya. Wannan kuwa komai nata a fili yake. Mutum ɗaya, murya ɗaya, ɗan akwatin katako ɗaya. Kunne yana iya bin hannun makaɗin yana sauka yana hawa. Akwai kiɗan da ke sa ka ce "wannan gwani ne", akwai kuma wanda ke sa ka ce "bari in gwada". Na biyun shi ke kai mutum kanti.

Kuma in ya je kantin, abin ba ya ba shi kunya. A nan ya kamata a duba hannu da kyau. Jita tana da tsirkiya shida, galibi na ƙarfe, waɗanda ke yanka kan yatsun sabon shiga har sai sun yi kanta. Ukulele huɗu gare ta, na roba mai laushi, wuyanta kuma siriri ne, hannun yaro ɗan shekara bakwai yana zagaye shi. Wuyan an raba shi gaɓa-gaɓa da 'yan siraran ƙarafa. Abin da makaɗi ke yi shi ne ya danne wasu tsirkiyoyi a wasu gaɓoɓi da hannun hagu, ya shafo duka huɗun da na dama, sai sautuka su tashi tare a haɗe. Kowane irin kamun yatsu da harafin da ake kiransa da shi. Kamun C, wanda shi ne gidan waƙar Israel, wato inda take farawa take kuma komawa, yatsa ɗaya ne tak: ka ɗora shi a gaɓa ta uku ta tsirkiyar ƙasa, ka shafo. Kamun Am ma yatsa ɗaya. F yatsu biyu, G uku. Wanda bai taɓa riƙe abin kiɗa ba zai iya fitar da sauti mai daɗi a minti na farko, zuwa la'asar ya fara jera kamu uku. A jita kuwa kamun F kaɗai ya kori mutane da yawa, domin sai ka kwantar da yatsa ɗaya ya danne tsirkiyoyi a jere. Kamfanin Fender da kansa ya faɗa cewa kashi 90 cikin 100 na masu fara koyon jita suna ajiye ta kafin shekara ta zagayo. Ginshiƙin waƙar Israel kamu biyar ne. Salon shafarsa, yadda yake fara taɓa tsirkiya ɗaya kafin ya shafo sauran da ɗan jinkiri irin na rege, shi ne mai wuyar kamawa, kuma da yawa ba sa kama shi har abada. Amma ko ba shi, waƙar tana fitowa a gane ta.

To me ya sa duk da haka aka jira har 2009? Domin sha'awa ita kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya ji waƙar a 1999 ya so ya koya, in ya shiga kantin kayan kiɗa a garinsu abu biyu zai tarar: ko dai tarkacen da ba ya riƙe sauti, ko kuma na gaske irin na gidan Kamaka, da ke ƙera su da hannu a Honolulu tun 1916, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai gwaji. In ma ya samu, wa zai koya masa? Akwai littattafan waƙoƙi da Jim Beloff ya fara bugawa a shekarun 1990, amma malamai sun yi ƙaranci.

A 2005 abubuwa biyu suka faru a jihar Kalifoniya. Aka kafa kamfanin Kala, wanda ya shiga kawo ukulele daga masana'antun Sin, masu araha amma masu riƙe sauti, har ana samun ta koyo a kan dala 30 zuwa 50. A shekarar kuma aka buɗe YouTube. A 2006 wani ya ɗora bidiyon wani matashi ɗan Hawai, Jake Shimabukuro, zaune a wani lambu a birnin New York yana kaɗa wata waƙar George Harrison da gwanintar da mutane ba su taɓa zaton tsirkiya huɗu za su iya ba. Bidiyon yana cikin na farko-farko da suka karaɗe dandalin. Israel ya nuna abin yana da zuciya, Jake ya nuna yana da zurfi. Bayan su sai ga ɗaruruwan masu koyarwa kyauta, kowa ya kafa kyamara a ɗakinsa yana nuna inda ake ɗora yatsa. Ukulele ta dace da irin wannan koyarwa fiye da kusan kowane abin kiɗa, saboda ƙanƙantarta: fuska da hannu biyu da abin kiɗan duk suna shiga allon waya lokaci ɗaya.

Mu da muka tashi da muryar marigayi Ɗanmaraya Jos za mu fi kowa gane wannan. Shi ma mutum ɗaya ne da ɗan ƙaramin abin kiɗa, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, kuma waƙoƙinsa sun shiga kowane gida. Amma ba a ga samari sun yi tururuwa suna neman kuntigi ba. Babu kantin da ke sayar da shi a jere, babu rubutacciyar hanyar koyonsa, kuma a wurinmu kiɗa sana'a ce ta masu ita, ba abin da ɗan makaranta ko ma'aikaci ke ɗauka da yamma don hutawa ba. Waƙa tana kunna sha'awa, amma sai ta tarar da kasuwa da malami da al'ummar da ba ta ganin abin a matsayin zubar da girma.

Daga 2008 sai waƙoƙi suka riƙa zuwa a jere, kowace tana tura ta gabanta. A shekarar wani ɗan takara a gasar American Idol, Jason Castro, ya rera waƙar a salon Israel da ukulele a hannu, miliyoyi suna kallo. A shekarar kuma "I'm Yours" ta Jason Mraz ta fito, ta yi mako 76 a jerin waƙoƙi ɗari na Billboard, abin da babu wadda ta taɓa yi a lokacin. Da jita aka kaɗa ta, amma iskar tsibiri da ke cikinta ta sa masu koyo suka mayar da ita ta ukulele da kansu. A 2009 ƙungiyar Train ta saki "Hey, Soul Sister", wadda ukulele ce ke jan ta daga farko har ƙarshe, ta kai matsayi na uku a Amurka, ta zama wadda aka fi saya a iTunes a 2010. Makaɗin jitar ƙungiyar, Jimmy Stafford, bai iya ukulele ba a lokacin, a intanet ya nemi darasi kamar kowa. A 2013 "Riptide" ta Vance Joy daga Ostareliya ta zo, kamu uku ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Abin lura shi ne waƙar Mraz da ta Train a kan jeri ɗaya na kamu huɗu aka gina su, kuma in aka sauko da su gidan C, kamun nan ne dai masu sauƙi: C, G, Am, F. Wanda ya koye su don waƙa ɗaya sai ya tarar ya iya ɗaruruwa. Ga kuma matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 2008, lokacin da iyaye da yawa ba za su iya sayen fiyano ko biyan malami ba, amma dala 40 ba ta gagare su ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ke damuna, kuma ba na son a wuce shi da sauri. Faifan da waƙar ke ciki ya fito a watan Nuwamba 1993, shekara 100 cif bayan 'yan kasuwa fararen fata, da goyon bayan sojojin Amurka, sun kifar da Sarauniya Liliʻuokalani ta Hawai a 1893. A wannan watan ne Shugaba Clinton ya sa hannu a kan takardar neman afuwar 'yan asalin Hawai. Israel yana cikin masu fafutukar 'yancin mutanensa, waɗanda aka hana koyarwa da harshensu a makarantu daga 1896 har zuwa shekarun 1980. Waƙar da ta buɗe faifan, ta kuma rufe shi, ita ce "Hawaiʻi '78", wadda ke tambayar yadda sarki da sarauniya za su ji in sun dawo suka ga manyan tituna da dogayen benaye a kan ƙasar kakanni. Ita ce waƙar da mutanensa suka fi riƙe shi da ita. Duniya ta tsallake ta, ta ɗauki mai daɗin. Bidiyon da ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube a 2020 ma, ƙarshensa hoton jama'arsa ne a cikin kwale-kwale a gaɓar Mākua suna watsa tokar gawarsa a teku, amma da yawa daga masu kallo hoton hutu da rairayi suke gani. Mutumin da ya yi kuka a kan yadda aka mayar da ƙasarsa haja, muryarsa ta zama abin tallan haja. Miliyoyin ukulelen da aka sayar kuwa, mafi yawansu ba a Hawai aka ƙera su ba, ribarsu ma ba can ta tafi ba.

Ban ce laifi ne mutum ya ji daɗin waƙar ba, kuma ba gaskiya ba ne a ce Hawai ba ta amfana ba. Masu ƙera na hannu sun sami masu saye daga Japan da Turai, makaɗan tsibiran sun sami masu sauraro da gayyata da a da babu. Wasu daga masu koyon da suka fara da kamu huɗu sun bi sawu har suka isa ga Eddie Kamae da tarihin masarautar. Amma 'yan kaɗan ne, kuma malamin da ke koyar da wannan waƙa bai faɗa wa ɗalibansa ko wane ne Israel da abin da ya tsaya a kai ba, ya rage musu wani abu da haƙƙinsu ne su sani.

Akwai kuma masu sukar da ke cewa sauƙin nan tarko ne: mutane suna tsayawa a kamu huɗu, suna maimaita shafa iri ɗaya, ukulele da yawa kuma suna ƙarewa a saman kabad. Haka ne, ana samu. Sai dai ma'aunin da suke amfani da shi na masu neman zama gwanaye ne, alhali yawancin masu sayen nan ba gwaninta suka zo nema ba. Tun da aka ƙirƙiro faifai da rediyo, kiɗa ya riƙa komawa abin da ƙwararru ke yi, sauran jama'a su saurara. Dattijuwar da ta yi ritaya ta shiga ƙungiyar masu ukulele ta unguwarsu, suna haɗuwa mako-mako su ashirin suna rera tsofaffin waƙoƙi, ta dawo da wani abu da ya kusa ɓacewa, ko da ba ta taɓa wuce kamu huɗun ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi yanzu suna ko'ina a Ingila da Amurka da Ostareliya da Japan.

Ko wannan yayi zai wuce kamar na 1920 da na 1950? Kasuwa dai za ta iya sauka, amma akwai bambanci guda. Waɗancan biyun sun rataya ne a kan taurari da rediyo da talabijin, da tauraro ya dushe suka bi shi. Wannan karon abin ya shiga aji. Tun ƙarshen shekarun 1960 wani malami, J. Chalmers Doane, ya fara koyar da kiɗa da ukulele a makarantun Halifax na Kanada, ya nuna cewa aji guda na yara za su iya koyo tare, suna kaɗawa suna waƙa a lokaci ɗaya, abin da sarewa ba ta bari tunda baki a cike yake. Da araha ta zo, makarantun firamare da yawa a Ingila da wasu ƙasashe suka ajiye sarewar roba da suka saba da ita suka koma ukulele. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 12, Grace VanderWaal, ta lashe gasar America's Got Talent da ita, yara mata da yawa suka bi sahunta, zaman gida na annobar korona a 2020 kuma ya sake cika kantuna da masu saye. Yaron da ke fara koyo yau galibi da "Riptide" yake farawa ko da abin da ya gani a TikTok, kuma malaminsa na aji ne ya miƙa masa abin kiɗan, tun kafin ya ji wata waƙar da za ta sa shi nema.